Ƙwallon Kashu: Yadda Ake Zaɓensa, Gyara Shi da Cinsa Don Lafiyar Jiki

Daga watan Fabrairu zuwa Mayu, duk wanda ya bi ta Lokoja, Anyigba, Ilorin ko Ogbomosho zai ga ɗanyen kashu a shanye a bakin titi, ga kuma 'yan talla da kwalaben soyayye suna bin motoci. Asalin bishiyar daga arewa maso gabashin Birazil take, Turawan Fotugal ne suka kai ta Indiya da gabashin Afirka a ƙarni na 16. Yau Afirka ta Yamma na cikin manyan masu nomanta, Kwaddibuwa ce a gaba, Najeriya da Gana da Binin da Gini Bisau na biye. Mafi yawan ɗanyen kuwa jirgin ruwa ke kwashe shi zuwa Biyetnam da Indiya, a can ake fasa shi.

Kashu abinci ne mai ƙarfi, kuma amfaninsa yana tare da ma'auni. Ɗan kaɗan kullum yana gyara jiki, da yawa kuma ƙiba ce da kumburin ciki. Ɓawonsa na waje yana ƙona fata, wanda ya yi hunhuna kuma yana illata hanta. Saboda haka sanin yadda ake zaɓe da gyarawa yana gaba da lissafin amfanin.

Abin da ke cikin tafin hannu guda

Ma'aunin babba a rana shi ne giram 30, wato ƙwaya 18 zuwa 20, abin da zai zauna a tafin hannu guda ba tare da tozo ba. A cikin wannan akwai kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kimanin 165, furotin mai gina jiki giram 5, mai giram 13, sitaci da ɗan suga giram 9, sai harza mai taimakon hanji giram 1 kacal. Fiye da rabin man irin wanda ke cikin man zaitun ne, wato wanda ba ya daskarewa.

Inda kashu ya yi fice shi ne ma'adinai. Tafin hannu guda yana ba da magniziyam kusan miligiram 88, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na buƙatar mace a rana, kashi ɗaya cikin biyar na buƙatar namiji. Magniziyam ne ke sa tsoka ta saki bayan ta ɗaure, yana da hannu wajen daidaita bugun zuciya da aikin insulin mai sarrafa sugan jini, kuma fiye da rabin wanda ke jikin mutum a ƙashi yake. Sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, ya kai miligiram 0.6 da ɗoriya, alhali buƙatar babba a rana 0.9 ce. Jiki ba ya iya sarrafa sinadarin ƙarfe ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini sai da kofa. Akwai kuma sinadarin ƙarfen kansa miligiram 2, da zink miligiram 1.7 mai taimakon garkuwar jiki da warkewar rauni.

Kada wannan ya sa a raina gyaɗa. A giram 100, gyaɗa na da furotin kusan giram 25, kashu 18, kuma harzarta ta ninka tasa fiye da sau biyu. Inda kashu ya fi ta shi ne ma'adinai irin su magniziyam da kofa da ƙarfe da zink. Wanda aljihunsa bai kai kashu ba, ya ci gyaɗarsa mai kyau da wake da ganye, babu wata babbar asara da ya yi.

Zuciya, hawan jini da ciwon suga

A 2018 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Cennai na Indiya a kan mutum 300 masu ciwon suga nau'i na biyu. Rabinsu sun riƙa cin giram 30 na kashu kullum tsawon mako 12, rabin kuma ba su ci ba. A ƙarshe, lambar sama ta awon jinin masu ci ta sauka da kusan maki 5, ta sauran da ƙasa da maki 2, kolestarol mai kyau ya ɗan ƙaru, kuma sugan jininsu da nauyinsu ba su hau ba. Sakamako ne mai daɗin ji, amma a lura da girmansa. Bambancin maki 3 ba zai maye gurbin ƙwayar maganin hawan jini ba. Wanda awonsa ke 160 bisa 100, ya ci kashunsa ya kuma sha maganinsa.

Akwai wani abu da masu tallar kashu ba sa faɗa. A 2003, lokacin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin fakitin wasu 'ya'yan itatuwa masu ɓawo cewa suna iya rage haɗarin ciwon zuciya, ba ta sa kashu a ciki ba, domin mansa mai daskarewa ya ɗan fi na sauran yawa, kusan giram 8 a cikin 100. Wani kaso mai yawa na wannan man irin wanda ba ya ɗaga kolestarol ne sosai, amma dai ya isa dalilin tsayawa a kan ma'auni.

Dabarar da ke sa a ga amfani ita ce musanya, ba ƙari ba. A cire cincin ko biskit ko fanke na la'asar, a sa kashu a gurbinsa. Idan aka ci biskit ɗin aka ɗora kashu a kai, kalori 165 ne aka ƙara wa jiki kullum, kuma cikin 'yan watanni sikeli zai nuna. Mai ciwon suga zai fi amfana idan ya ci tare da abincin da ke saurin ɗaga suga, kamar koko ko burodi, domin mai da furotin suna jinkirta narkewar abinci, suga ya shiga jini sannu a hankali. Mai hawan jini kuma ya nemi marar gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya wuce giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokali guda, kuma miya da dunƙulen ɗanɗano sun riga sun cinye wannan kason kafin a zo ga kayan ƙwalama.

Ƙarancin jini

Ƙarfen da ke cikin tsirrai hanji ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama da hanta, kuma kashu na ɗauke da sinadarin fitet da ke riƙe shi. Abu biyu ke gyara wannan. Na farko, a ci tare da abu mai bitamin C: lemon zaƙi, gwaba, kukar da aka jiƙa, ɗanyen tumatir ko ita kanta yazawar. Na biyu, a raba shi da shayi da kofi da aƙalla awa guda, domin sinadarin da ke sa shayi bauri yana hana tsotsar ƙarfe. Mai juna biyu tana buƙatar miligiram 27 na ƙarfe a rana, tafin hannu guda kuwa 2 yake bayarwa, don haka kada ta ajiye jajayen ƙwayoyin da ake ba ta a wajen awo.

Ana yawan yaɗawa a kafafen sada zumunta cewa kashu maganin ƙarfin maza ne, ko cewa tafi biyu na korar ciwon damuwa daidai da ƙwayar asibiti. Gaskiyar da ke ciki kaɗan ce: jiki na buƙatar zink wajen haɗa maniyyi, kuma kashu na da sinadarin tiriftofan da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi. Amma ƙara zink ga wanda ba shi da ƙarancinsa ba ya ƙara masa komai, kuma raunin mazakuta sau da yawa alama ce ta ciwon suga ko hawan jini da ba a gano ba. Awon jini ya kamata a fara yi.

Zaɓe a kasuwa

Ƙwaya mai kyau fara ce mai ɗan ruwan madara, ko ruwan zuma-zuma idan an soya, kuma tana karyewa ƙaras. A karya biyu ko uku a duba ciki. Idan akwai baƙin ɗigo, kore-kore, gari ko zaren tsutsa, a bar ta. Idan ta lanƙwashe maimakon ta karye, ta sha danshi. A sansana kuma a ɗanɗana: warin tsohon mai, ɗaci ko maƙaƙi a maƙogwaro na nufin man ya lalace, yawanci saboda kwalbar ta daɗe a rana.

Hunhuna ce babbar matsala. Wani nau'inta yana fitar da gubar afalatoksin, wadda ke taruwa a hankali ta jawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma ana danganta ta da tsumburewar yara. Suya ba ta kashe wannan guba, wanki ma ba ya fitar da ita. Abin da ya yi hunhuna zubarwa ake yi, kada a ba kaji ko awaki, domin gubar na ratsawa har cikin nonon dabba.

Lambobin da ake gani a fakiti, irin su W180, W240 da W320, adadin ƙwaya ne a laba guda. Ƙaramar lamba, manyan ƙwayoyi, ƙarin tsada. Amfaninsu ga jiki ɗaya ne. Mai son niƙawa don kunu ko miya ya sayi fasasshe, ya fi araha, sai dai ya fi saurin lalacewa saboda iska ta samu hanyar shiga.

Gyaran ɗanye a gida

Nan ne mutane ke jin ciwo. Tsakanin ɓawon waje da na ciki akwai wani baƙin mai mai kauri da ke cin fata, ya tayar da bororo cikin awoyi ko bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Kada a fasa ɗanyen kashu da haƙori, kada a bar yara su yi wasa da shi. Abin da kantuna ke sayarwa da sunan ɗanye ma an riga an turara shi.

A fara da shanya. A baza ƙwallon a kan siminti ko tabarma kwana biyu zuwa uku a rana mai ƙarfi, ana juyawa, har sai an ji ƙwayar na kaɗawa a ciki idan an girgiza. Daga nan hanya biyu ce.

Turarawa ta fi tsafta, ta fi kuma fitar da farar ƙwaya. A zuba ƙwallon a madambaci a kan tafasasshen ruwa, a rufe, a ba shi minti 25 zuwa 30. A juye a baza a inuwa ya kwana, awa 12 zuwa 24, domin ɓawon ya yi tauri, ƙwayar ta saki jikinsa. Wanda ya yi gaggawar fasawa da ɗumi zai ga ɓawon na lanƙwashewa, man na malalowa a kan ƙwayar. A sa safar hannu ta roba mai kauri, a tsaga ɓawon ta kan ɗinkinsa da wuƙa mai ƙarfi a kan katako, a zaƙulo ƙwayar da tsinke. Ruwan turaren a zubar da shi nesa da dabbobi, madambacin kuma a wanke shi da sabulu da toka sosai kafin ya koma ga dambu.

Hanyar gargajiya ita ce ƙonawa. A samu tsohon kasko ko faranti na ƙarfe da aka huda, wanda ba za a sake girki da shi ba, a ɗora a wuta a fili, a zuba ƙwallon shimfiɗa ɗaya. Za a ji yana tsartuwa, man ya fito, sai wuta ta kama shi. A riƙa juyawa da doguwar sanda minti biyu zuwa uku, sannan a kifar a kan yashi ko toka a rufe don wutar ta mutu. Idan aka wuce haka ƙwayar ta ƙone ta yi ɗaci, idan aka gaza kuma sauran mai zai shafi ƙwayar ya ƙona baki. A tsaya ta inda iska ke fitowa, domin hayaƙin na cin ido da maƙogwaro. Mai asma da mai juna biyu da yara su yi nisa, kuma ba a yin wannan aiki a ɗakin girki ko kusa da danni da rufin ciyawa. Bayan ya huce, a shafa toka a hannu, a fasa da ɗan guntun katako.

Ta kowace hanya aka bi, saura jar fatar da ke manne da ƙwayar, mai bauri. A busar da ƙwayar a rana mai zafi yini guda, ko a tanda mai sanyin wuta, kimanin digiri 70, na awa shida, sai a murje fatar da yatsu. Kilo ɗaya na ɗanye yana ba da giram 200 zuwa 250 ne kawai na ƙwaya, wannan da wahalar fasawa su ne sirrin tsadarsa.

Idan man ya taɓa fata, a wanke nan take da sabulu da ruwa mai yawa, har ƙarƙashin farce. Idan ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsafta minti 15 zuwa 20, sannan a tafi asibiti. Al'adar ɗiga man a kan makero, ko yara su rubuta suna da shi a dantse, ƙuna ce kawai da ke barin tabo, wani lokaci ta zama gyambo.

Suya da sarrafawa

A soya a busasshen kasko da ƙaramar wuta minti 6 zuwa 8 ana juyawa ba tsayawa, ko a cikin wankakken yashi mai zafi yadda ake yi wa gyaɗa. A tanda kuwa, digiri 160 na minti 10 zuwa 15, a juya a tsakiya. A sauke tun launin bai kai yadda ake so ba, domin zafin da ya ɗauka zai ci gaba da gasa shi, kuma ba ya yin ƙaras sai ya huce. Suya a cikin mai ba ta ƙara masa komai sai kalori.

Madarar kashu ba ta da wuya. A jiƙa kofi ɗaya na wanda ba a soya ba awa huɗu, ko minti 30 a ruwan zafi, a zubar da ruwan jiƙon, a ɗauraye, a markaɗa da ruwa kofi uku zuwa huɗu da dabino biyu ko uku. Idan injin na da ƙarfi ba sai an tace ba. A yanayin zafi kada jiƙon ya kwana a waje, zai yi tsami da yauƙi. Madarar na kwana uku a firji, idan babu wuta kuwa a yi daidai shan yini. Da ita ake dama kunu kamar na gyaɗa, da ƙullun shinkafa da ruwan tsamiya, kuma ana iya haɗa rabi kashu rabi gyaɗa. Cokali biyu na niƙaƙƙensa suna ɗaure miyar taushe ko ta alayyafo, a zuba a minti goma na ƙarshe a rage wuta, don yana saurin kamu a gindin tukunya. Wannan kunu na da amfani ga tsoho marar haƙori da mai jinyar da ya rame. Amma madarar kashu ba ta da kalsiyam sosai, kuma ba ta maye gurbin nonon uwa ko madarar jarirai.

Yazawar kanta, wato ɗan itacen ja ko rawaya da ƙwallon ke maƙale a gindinsa, tana da bitamin C da ya ninka na lemon zaƙi kusan sau biyar, amma yini ɗaya ko biyu take yi ta ruɓe. Don rage baurinta, a jiƙa ta a ruwan gishiri kaɗan ko a turara ta minti biyar kafin a matse. A yanka da wuƙar da ba ta tsatsa, a kuma kiyaye tufafi, domin tabon ruwanta ba ya fita. Maganar cewa shan madara bayan yazawa na kisa ba ta da tushe: tsaminta na sa madara ta guntse, abin da ruwan ciki ke yi wa madara kullum, iyakacinta ta ɗan dami cikin wasu.

Masu maganin gargajiya kan dafa sassaƙen bishiyar ko ɗanyen ganyenta don gudawa da kurkurar baki, kuma baurin da ke cikinsu yana ɗan tsuke hanji da dasashi. Sai dai abin da ke kashe yaro a gudawa ƙarewar ruwan jiki ne. A fara da ruwan gishiri da suga: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, tare da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14.

Waɗanda za su yi hattara

Yaro ƙasa da shekara biyar ba a ba shi ƙwaya sukutum, tana iya toshe masa hanyar numfashi. A niƙa ta lukui a dama a kunu, daga wata shida zuwa sama, a fara da ɗan lakuce da safe a sa masa ido yinin. Mai tsakuwar ƙoda ya rage sosai, domin kashu na da okzalet mai yawa, sinadarin da mafi yawan tsakuwar ke ƙulluwa da shi. Wanda ƙodarsa ta yi rauni ya tambayi likitansa tukuna saboda fotasiyam da fosfaras. Mai yawan kumburin ciki ya gwada ƙwaya biyar zuwa goma ya ga yadda cikinsa zai karɓa.

Mafi haɗari shi ne alaji, wato rashin jituwar jiki da wani abinci. Na kashu yana cikin masu tsanani, kuma ƙwaya ɗaya ta isa. Alamominsa na zuwa cikin mintuna: ƙaiƙayin baki, borin jini, kumburin leɓe ko harshe, amai, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar, jiri. Idan numfashi ko murya ta canza, ko mutum ya nemi suma, allurar adirenalin yake buƙata a asibiti mafi kusa, ba manja ko madara ba, kuma ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta isa. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa a hanya, in numfashi ya yi wuya a zaunar da shi. Wanda ya taɓa samun haka ya bar kashu gaba ɗaya, ya haɗa da fistashiyo, wata ƙwaya mai ɓawo, domin danginsu ɗaya.

Ajiya

Ɗanyen da ya bushe sosai yana kai wa wata kakar idan aka zuba shi a buhun algarara, aka ɗora a kan katako nesa da bango a ɗaki mai iska. Buhun leda na tara gumi ya jawo hunhuna. Ɓararre kuwa a bari ya huce sarai, a zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, a ajiye inda rana ba ta kaiwa. A zafinmu yana yin kamar wata guda a ɗaki, wata shida a firji, kusan shekara a firiza. Da damina a riƙa duba shi duk mako, idan ya fara laushi amma babu wari ko ɗigo, a mayar da shi kasko minti uku ya sake bushewa.